Shehu a Bakin Waɗanda Suka San Shi: Wasiƙu, Shaidu da Giɓin Maratta

Maratta ƙauye ne kusa da Galmi, a ƙasar Dogarawa da ke gundumar Malbaza ta jihar Tawa, kuma a nan ne aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a watan Disamba na shekarar 1754, wanda ya yi daidai da ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 bayan hijira. Duk da cewa an fi tuna shi da jihadi da kafa daular Sakkwato, Shehu marubuci ne tun kafin ya zama jagoran yaƙi, ya kuma bar littattafan Larabci fiye da ɗari, ban da waƙoƙi masu yawa na Fulatanci da wasu na Hausa. Sai dai mai neman tarihin rayuwarsa a cikin waɗannan rubuce-rubuce zai fito da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, domin akasarinsu a kan tauhidi da fiƙihu da tasawwufi da hukuncin hijira da tsarin mulki suke magana, kuma inda ya taɓo kansa, kamar a jerin malaman da ya karɓi karatu daga gare su ko a bayanin abin da ya gani na wahayin zuci yana ɗan shekara 36 da kuma 40, ya taɓo ne don kafa hujja a kan wata mas'ala. Wannan ya sa duk wanda ya yi yunƙurin rubuta rayuwarsa, daga ƙarni na 19 zuwa yau, dole ya bi ta hannun waɗanda suka san shi, wato ta wasiƙun da suka aika masa, da waɗanda suka aika wa juna a kansa, da kuma shaidar da aka tattara daga bakinsu bayan rasuwarsa a Sakkwato a watan Afrilu na 1817.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga malaman ƙasar Hausa. Abin da suke kira tarjama shi ne taƙaitaccen bayanin rayuwar malami, wanda ya ƙunshi nasabarsa da malamansa da ɗalibansa da littattafansa da shekarar rasuwarsa, irin wanda Ahmad Baba na Tambutu ya tara a kan malaman mazhabar Malikiyya. Manaƙib kuwa rubutu ne na ambaton falalar waliyyi da karamominsa, inda manufar marubucin ita ce ƙarfafa ƙauna da koyi. Duka biyun sun dogara ne ga isnadi, wato jerin mutanen da labari ya biyo ta bakinsu har ya iso ga mai rubutu, kuma malaman hadisi sun daɗe da koyar da cewa ana auna labari da mai kawo shi. Ita kanta kalmar wasiƙa daga Larabci Hausa ta aro ta, inda asalinta ke nufin takardar da ake dogara da ita a matsayin tabbaci, kuma wannan ma'ana ta asali ita ce ke jan mai bincike zuwa gare ta: wasiƙa an rubuta ta ne a lokacin da abu yake faruwa, ga mutum ɗaya sananne, kafin a san yadda al'amari zai ƙare, saboda haka takan riƙe abin da tarihin da aka rubuta bayan nasara yake gogewa.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi game da shaidun Shehu shi ne shekarunsu. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya fi kowa daɗewa tare da shi a cikin masu rubutu, an haife shi wajen 1766, wato Shehu ya girme shi da kusan shekara goma sha biyu. Gidado ɗan Laima, wanda ya zama wazirin Sakkwato, an haife shi wajen 1776, Muhammadu Bello ɗan Shehu a 1781, ita kuwa Nana Asma'u sai a 1793. Ke nan babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ga ƙuruciyar Shehu a Maratta, domin iyalin sun ƙaura zuwa Ɗagel tun yana yaro, kuma abin da suka rubuta game da zaman zuriyar a wannan yanki jiyau ne, ba ganau ba. Abin da ya iso ta hannunsu bai wuce cewa kakansu Musa Jakollo ya taso daga Futa Toro ya sauka a ƙasar Ƙonni, cewa Toronkawan da suka fito daga tsatsonsa sun zauna a nan zuriya bayan zuriya suna karatu da karantarwa, cewa wani reshe ya koma Maratta, kuma cewa a can Hauwa'u ta haifa wa Muhammadu Fodiyo ɗan da aka sa wa suna Usmanu. Ƙarnoni na zaman Ƙonni da shekarun Maratta sun shige cikin layuka kaɗan, alhali shekara huɗu na yaƙi tsakanin 1804 da 1808 sun cinye babi-babi.

Haske yana fara samuwa ne daga lokacin da Abdullahi ya shiga hannun yayansa don karatu. A cikin Ida'un Nusukhi, ƙaramin littafin da ya rubuta a 1812 game da malaman da ya ɗauki ilimi wurinsu, ya lissafa malaman Shehu da littattafan da aka karanta, ya ambaci Usmanu Binduri wanda Shehu ya zauna tare da shi har ya ɗauki ɗabi'unsa na umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, ya kuma kawo labarin tafiyar Shehu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya raka har Agadas amma ya juyo bai bi shi zuwa hajji ba saboda mahaifinsa bai ba shi izini ba. Irin wannan ƙaramin bayani, wanda ba ya ƙara wa jihadi komai, shi ne abin da mai rubuta tarihin rayuwa yake nema ruwa a jallo, domin yana nuna saurayin da ke auna kwaɗayin ilimi da biyayyar iyaye, ya kuma zaɓi biyayya.

Littafin Abdullahi na biyu, Tazyinul Waraƙati, wanda ya kammala a 1813, ya fi kusa da abin da ake nufi da tarihin da aka gina a kan wasiƙu, ko da yake wasiƙun a cikin waƙa suke. A al'adar malaman wannan zamani, ƙasida takan zama saƙo: mutum ya tsara baitoci ya aika wa wani, shi kuma ya mayar da amsa a kan ma'auni ɗaya da amsa-amo ɗaya, don ya nuna cewa ya fahimci maganar kuma bai gaza a fasaha ba. Abdullahi ya tattara ƙasidunsa ya jera su bisa lokaci, yana sa wa kowace bayanin dalilin yin ta, ta haka littafin ya zama tarihin jama'ar Shehu daga wa'azi zuwa yaƙi. Mafi amfani a cikinsu ga mai son sanin halin Shehu ita ce musayar da aka yi wajen 1786, lokacin rangadin wa'azi a ƙasar Zamfara, da wani malami mai suna Mustafa, wanda aka fi sani da Gwani. Gwani ya aiko da baitoci yana maraba da Shehu, amma a ciki ya nemi ya hana mata halartar wa'azinsa, yana ganin cakuɗuwar maza da mata abin zargi ne. Shehu bai amsa da kansa ba, ya ce wa Abdullahi shi ya fi dacewa ya amsa, shi kuma ya mayar da martani cewa ba su yarda da cakuɗuwa ba, amma barin mata cikin jahilcin abin da ya wajaba a kansu ya fi wancan muni. Abubuwa uku suna fitowa daga wannan musaya, ba tare da wani ya yi niyyar bayyana su ba: cewa mata suna zuwa majalisin Shehu da yawan da har ya tayar da magana, cewa suka ta fara zuwa masa daga malamai 'yan'uwansa tun kafin ta zo daga sarakuna, da kuma cewa ya saba miƙa wa ƙanensa alƙalami idan ana bukatar amsa mai kaifi. Da Gwani bai yi ƙorafi ba, da hujjar da ake da ita a kan karantar da mata a farkon wa'azin Shehu ta ragu ƙwarai, domin masoya ba su cika rubuta abin da suka ɗauka al'ada ce ta yau da kullum ba.

Wannan darasi, cewa wasiƙar mai suka takan fi ta mai yabo ba da labari, ya fi bayyana a cikin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya kammala a 1812 yana ɗan shekara talatin da ɗaya. Bello ya siffanta yadda mahaifinsa yake fitowa majalisi, yadda yake gaisawa da jama'a da sakin fuska, yadda yake haƙuri da masu yawan tambaya, da yadda yake yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, kuma wannan siffantawa ta ɗa ce da ya zauna a gaban uba shekara da shekaru. Amma wani babban sashe na littafin wasiƙu ne da aka yi musaya tsakanin shugabannin jihadi da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno, bayan da mabiya jihadi suka far wa daular Barno wajen 1808. Al-Kanemi bai taɓa haɗuwa da Shehu ido da ido ba, ta littattafansa ya san shi, kuma a nan ƙarfin hujjarsa yake: ya nuna cewa ya karanta rubuce-rubucen Shehu ya ga sun saɓa wa abin da masu yaƙi da sunansa suke aikatawa, ya kuma yi jayayya cewa abubuwan da ake zargin mutanen Barno da su, irin su yanka a wasu wurare, da cin hanci, da zaluntar marayu, da fitar mata ba lulluɓi, saɓo ne da ake samu a sauran ƙasashen Musulmi har da Masar, kuma saɓo ba ya mayar da mutum kafiri. Amsar Sakkwato ta karkata zuwa wani tushe dabam, wato cewa sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi, kuma wannan jiɓintar ita ce dalilin yaƙi. Ga mai nazarin Shehu a matsayin marubuci, wannan tana cikin tsofaffin shaidu na yadda wani babban malami na waje ya karanta shi a zamaninsa, ta kuma nuna cewa littattafansa sun riga sun kai gabar tafkin Cadi tun yana raye.

A nan ne kuma matsalar ta fara. Muryar al-Kanemi ta iso ne ta alƙalamin abokin jayayyarsa, kuma ko da an yarda cewa Bello ya kwafe wasiƙun da amana, shi ne ya zaɓi waɗanda zai saka, shi ne ya jera su, kuma shi ne ya yi maganar ƙarshe. Haka abin yake game da Yunfa, sarkin Gobir, wanda saƙonninsa zuwa ga Shehu kafin hijirar Gudu ta Fabrairun 1804 da bayanta aka san su ta bakin mutanen da suka ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808. Haka kuma yake game da Abdussalami, malamin nan Ba'are wanda harin da Gobirawa suka kai wa garinsa Gimbana ya zama sanadin fashewar rikici, wanda kuma daga baya ya yi tawaye bayan rasuwar Shehu har ya mutu a farkon 1818. Wasiƙunsa na ƙorafi a kan zalunci da kuma ƙarancin rabon da aka ba shi suna cikin Sardul Kalami, littafin da Bello ya rubuta don ya bayyana abin da ya gudana tsakaninsu. Abdussalami ya san Shehu sani na kusa, almajirinsa ne tun zamanin Ɗagel, kuma da an sami takardunsa daga gidansa da sun zama shaida ta dabam. Abin da ake da shi shi ne abin da wanda ya yaƙe shi ya ga ya dace a adana. Yabon da ya kamata a yi wa Bello shi ne bai ɓoye maganar masu sukarsa ba, abin da masu mulki kaɗan ne suke yi, amma wannan yabo ba ya sauke wa mai bincike nauyin tambayar abin da aka bari a waje.

Wanda ya yi aikin da ya fi kama da na mai bin mutane yana tambayarsu abin da suka sani shi ne Gidado ɗan Laima, mijin Nana Asma'u kuma aminin Bello. A cikin Raudul Jinani ya tattara labaran karamomin Shehu daga waɗanda suka zauna da shi, ya kuma lissafa mutanen da ke kewaye da shi: matansa da 'ya'yansa, da abokansa irin su Umaru Alkammu, da ladanai da limamai da masu yi masa hidima da maƙwabtansa. Littafin manaƙib ne, kuma mai karatun da ke neman ranaku da dalilan siyasa zai iya ture shi gefe da sauri, amma yin haka kuskure ne, domin jerin sunayen da Gidado ya kawo don neman albarka su ne suka bai wa masana na baya damar sake zana Ɗagel a matsayin gari, su san wa yake zaune kusa da wa, wa ya auri 'yar wa, da kuma yadda Fulani da Hausawa da Buzaye suka cakuɗa a cikin jama'ar. Su kansu labaran karama suna ɗauke da bayanin da mai ba da su bai damu da shi ba, kamar hanyar da fatake suke bi, ko irin tsoron da ke damun matafiyi, ko abin da talaka yake kawo wa malami kuka a kansa. Asma'u ta bi wannan sawu ta hanyar waƙa, inda ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙe da Fulatanci, ƙanenta Isa, wanda aka haifa bayan rasuwar Shehu, ya mayar da shi Hausa da sunan Waƙar Gewaye, kuma ta wannan waƙa ce matan karkara da yawa suka san rayuwar Shehu fiye da ta kowane littafin Larabci.

Ita kanta takardar wasiƙa ta wancan zamani tana da nata wahalhalu, waɗanda sai wanda ya riƙe ta a hannu yake gane su. Yawanci falle ɗaya ce, an fara da bisimilla da salati, sai hatimi idan daga sarki ko waziri ta fito, sai sunan mai aikawa da na wanda aka aika wa tare da gaisuwa da addu'a, sannan maganar da ake son yi, wadda sau da yawa ba ta wuce layi huɗu ko biyar ba. Kwanan wata ba kasafai ake sa shi ba, domin mai karɓa ya san ranar da manzo ya iso, kuma ainihin bayanin yana bakin manzon, takardar shaida ce kawai cewa shi ɗan aike ne na gaskiya. Da manzo ya mutu, rabin wasiƙar ya bi shi. Mai bincike kan koma ga wasu alamu don ya ƙiyasta lokaci: sunan da ke cikin hatimi, laƙabin da aka kira mutum da shi, hannun magatakarda, da kuma tambarin da ke cikin jikin takardar, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga ta sama ta fuskanci haske. Mafi yawan takardun da aka yi rubutu a kansu a ƙasar Hausa a ƙarni na 19 daga Italiya aka yi su, suka ratso Sahara ta hannun fataken Tarabulus, kuma da yawa suna ɗauke da tambarin jinjirin wata uku a jere. Wannan tambari yana iya nuna cewa kwafi bai girmi wani zamani ba, amma ba ya faɗin lokacin da aka fara tsara maganar da ke cikinsa, tunda wasiƙar da ta yi daraja akan yi ta kwafarta daga gafaka zuwa gafaka, wato jakar fatar da malamai ke adana littattafai, har asalin ya ɓace.

Wannan bambanci tsakanin asali da kwafi yana da muhimmanci ga tarihin Shehu, domin wasiƙun zamaninsa kusan duk a cikin littattafai suka tsira, a matsayin abin da wani ya kwafa don kafa hujja, alhali tarin wasiƙun asali da ake da su a Sakkwato mafi yawansu na ƙarshen ƙarnin ne. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 sun sami wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927. Bayan shekaru, Murray Last, ɗalibin Abdullahi Smith a Jami'ar Ibadan, ya zauna a Sakkwato a farkon shekarun 1960 yana karatu a hannun Waziri Junaidu, jikan zuriyar Gidado da Asma'u, wanda ya riƙe wazirci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, kuma daga littattafai da wasiƙun gidan waziri ya gina littafinsa kan daular Sakkwato da ya fito a 1967. Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta bi ta wannan gida ta fito da tarihin Nana Asma'u a 1989, bayan ta yi aiki tare da Sidi Sayudi wajen mayar da Infaƙul Maisuri zuwa Hausa. Mervyn Hiskett, wanda ya buga Tazyinul Waraƙati da fassararsa a 1963, ya fitar da nasa tarihin rayuwar Shehu a 1973. Duk waɗannan ayyuka ne masu nauyi, amma idan aka bi sawunsu za a tarar suna komawa ga gida ɗaya da dangi ɗaya, kuma wannan gida yana da dalilinsa na tuna abin da ya tuna. Waziri Junaidu malami ne mai tsantseni da faɗin ilimi, wanda da kansa ya rubuta Tarihin Fulani, sai dai taskar da ya gada taskar masu mulki ce, an tara ta ne daga inda daula ta kafu, ba daga inda mai kafa ta ya fito ba.

Irin wannan karkata ba ta keɓanta ga Sakkwato ba. Lokacin da Elizabeth Gaskell ta rubuta tarihin marubuciyar Ingila Charlotte Brontë a 1857, ta dogara ƙwarai ga ɗaruruwan wasiƙun da wata ƙawar marigayiyar, Ellen Nussey, ta adana, sai hoton da ya fito ya zama na matar da Nussey ta sani, mai haƙuri da biyayya, wasu fuskokin rayuwarta kuwa suka jira masu bincike na baya.

A ɓangaren arewa na iyaka, wato ƙasar Nijar ta yau, akwai zaren da ya cancanci a ja shi fiye da yadda aka yi. Dangantakar jama'ar Shehu da ƙasashen Ƙonni da Adar da Azbin ba ta yanke da ƙaura zuwa Ɗagel ba. Birnin Ƙonni yana cikin garuruwan farko da mayaƙan jihadi suka ci a 1804, kafin gwabzawar Tafkin Kwatto ta watan Yunin wannan shekara, ke nan ƙasar kakannin Shehu ta zama fagen fama tun a watannin farko. Sarkin Agadas Muhammadu al-Baƙiri ya yi hulɗa da Shehu, kuma Bello ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu al-Jilani, malamin Buzaye da ya jagoranci nasa yunƙurin a Adar, inda a wata amsa ya ba shi shawara a kan zaunar da makiyaya a garuruwa don addini da karatu su kafu. Kowace wasiƙa da ta tashi daga Sakkwato zuwa arewa tana da inda ta sauka, kuma kowace amsa tana da gidan da aka tsara ta, saboda haka rabin wannan musaya a ƙasar Nijar ta yau ya kamata a neme shi. Abubuwa biyu sun yi wa wannan nema illa. Na farko shi ne ɓarnar ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, wanda ya ƙone Birnin Ƙonni ya karkashe mutanensa a watan Mayun 1899, kuma garin da aka ƙone ba ya fita da takardunsa. Na biyu shi ne iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wadda ta bar Maratta da Ƙonni a hannun Faransa, Ɗagel da Sakkwato a hannun Ingila, ta yadda masu binciken da suka taso a Ibadan da Zariya suka tattara takardunsu a kudu da Turancin Ingilishi, na Yamai kuma suka yi nasu da Faransanci. Boubou Hama ya tara rubuce-rubucen Larabci da na ajami masu yawa, waɗanda yanzu suke sashen adana su na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kuma Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, yana haɗa takardu da ruwayar baka, amma ba a cika ɗora waɗannan taskoki biyu a kan tabarma ɗaya a karanta su tare ba.

Mai binciken da zai tashi yau daga Dogarawa ko Galmi ko Illela yana neman Shehun Maratta ba shi da wanda zai aika wa wasiƙa ya tambaye shi, tunda fiye da shekara ɗari biyu ke nan da rasuwar mutumin, kuma ruwayar baka da zai ji tana bukatar tacewa ta musamman. Tarihin Shehu ya daɗe yana yawo a littattafan makaranta da wa'azi da rediyo, ta yadda dattijon da ke ba da labari da kyakkyawar niyya yana iya maimaita abin da ya samo asali daga Infaƙul Maisuri, mai bincike kuma ya rubuta shi a matsayin shaida mai zaman kanta. Hanyar rarrabewa ita ce tsohuwar hanyar isnadi, wato a tambayi mai labari daga wa ya ji, shi kuma wancan daga wa, a kuma fi ba da nauyi ga abin da littattafan Sakkwato ba su ambata ba kuma ba su da dalilin ƙirƙira, kamar sunan rijiya ko maƙabarta ko gona, ko zuriyar da ake cewa ita ta saura lokacin da sauran suka ƙaura. A ɓangaren takardu kuwa, abin da ya fi yiwuwa a samu a gafakokin gidajen malamai ba wasiƙar Shehu da hannunsa ba ce, ƙananan abubuwa ne da ba a cika kula da su ba: ijaza, wato takardar izinin karantarwa da malami ke bai wa ɗalibi tare da jerin malamansa, ko takardar nasaba, ko rubutun gefen shafi, ko kuma layukan da mai kwafar littafi yake rufewa da su, inda yakan faɗi sunansa da na mahaifinsa, da wanda ya kwafa dominsa, wani lokaci har da garin da yake zaune da ranar da ya gama. Ijaza guda ɗaya da ta ambaci wani malamin Ƙonni na tsakiyar ƙarni na 18 tare da ɗalibansa tana iya nuna irin karatun da ake yi a yankin a shekarun da Muhammadu Fodiyo yake karantarwa a Maratta, da littattafan da suke hannu, da kuma ko malaman da Abdullahi ya lissafa a 1812 suna da 'yan'uwa da almajirai da suka ci gaba da zama a arewacin Ɗagel.